Baba Sai-an-sake da Lambun Direba

Kafin masu shaguna su fara buɗe ƙofofinsu, Baba Sai-an-sake ya riga ya zauna a kan ɗan bencin da ke bakin ɗakinsa, ya naɗe ƙafar wando har cinya, yana mulke gwiwoyinsa da man zafi. Gwiwoyin nan sun yi kanta, sun yi baƙi, sun yi kauri kamar tayar baro. Uwargidansa takan kawo masa shayi da gutsuren burodi, ta ajiye, sannan ta riƙe ƙugu tana kallonsa.

"Yau ma za a je a durƙusa wa duwatsu ke nan?"

"To wa zan durƙusa wa? Ke ai kin ce kin yafe."

"Ni ka taɓa durƙusa mini? A wace shekara? Tuna mini, ko ina barci aka yi."

Sai ya yi dariya, ya shanye shayinsa, ya jawo buhun kayan aiki. Babu wani abin a zo a gani a ciki: guduma mai kan roba, cokalin gini da bakinsa ya cinye, ƙullin igiya, ma'auni mai ƙwayar ruwa a tsakiya, da wani tsohon soson katifa da yake ɗora gwiwa a kai. Ya rataya buhun, ya yi sallama, ya fita kansa a sunkuye. Baƙo zai ɗauka kunya ce ko tsufa. Ba ko ɗaya. Ƙasa yake karantawa. Duk inda ya taka, ƙafarsa tana gaya masa ko wanda ya yi wurin ya ji tsoron Allah.

Sana'arsa daɓe ce da shimfiɗa duwatsu: tsakar gida, farfajiya, hanyar cikin lambu, dandamalin da iyali ke zama su sha iska da yamma. Ya fara tun ana daɓe da madaɓi da ruwa, ya ga zuwan siminti, ya ga zuwan tayil, ya ga zuwan intalok, duwatsun simintin nan masu shiga juna, kuma duk bai bari sun bar shi a baya ba. Sunan da ake kiransa da shi leburori ne suka laƙaba masa. Za su wuni suna shimfiɗa, su miƙe suna murna, sai ya zo ya ɗora ma'auni, ya karkata kai, ya ce a hankali, "Wannan sai an sake." Tun suna faɗin sunan a bayan idonsa har ya kai ga jikokinsa ma da shi suke kiransa.

A ƙarshen watan nan zai ajiye guduma. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa in yana son ya ci gaba da zuwa masallaci da ƙafarsa, to ya daina yini a durƙushe. Mutum irin wannan ba a yi masa taro, ba a ba shi lambar yabo, don aikinsa a ƙarƙashin takalman mutane yake. Shi ya sa na ga bai kamata ya tafi shiru ba. Gidajen da ya gyara ba su ƙirguwa, amma labarin gida ɗaya zan bayar, don shi ne wanda duk waɗanda suka gani da idonsu suka ce in an bar shi, ba a faɗi komai a kan mutumin nan ba.

Wata rana da hantsi, yana aiki a farfajiyar wani gida, sai ga wata dattijuwa ta zo tana tambayar inda za ta same shi. Ta gaishe shi, ta ce an ce mata shi ne mai gyara abin da wasu suka ɓata. Mijinta tsohon direban babbar mota ne, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar. Bayan ya fito daga asibiti, mai gashin ƙashi ya ce maganinsa tafiya, kullum ya riƙa takawa ko da kaɗan ne. Sai 'ya'yansu suka haɗa kai, suka sa aka shimfiɗa duwatsu a ɗan lambun da ke bayan gidan, daga ƙofar ɗakinsa har gindin wata bishiyar lemun tsami da shi ya dasa da hannunsa, don ya samu wuri mai laushin tafiya.

"Ranar da aka gama, Baba, kamar ka shimfiɗa tabarma ka kwanta," in ji ta. "Har hotuna aka ɗauka aka tura wa yaran. Ya fara fita, ya fara kaiwa rabin hanya, har murmushi ya dawo masa. Ruwan sama na farko da aka yi, wurin ya fara lotsawa. Na biyu, duwatsun suka fara rawa. Shekaranjiya waccan ya taka ɗaya, dutsen ya tashi da shi, ya faɗi da goshi."

Ta gyara mayafinta.

"Raunin goshin ba shi ne ya dame ni ba, wannan zai warke. Tun ranar ya juya fuska bango. Ya ce a ɗauke sandar daga ɗakin. Ya ce shi da tafiya sai a lahira."

Baba ya wanke hannunsa a bokiti, ya gaya wa masu gidan da yake wa aiki cewa zai je ya dawo, ya bi ta.

Abin da ya tarar ya fi abin da ta faɗa. Ruwa ya kwanta a tsakiyar hanyar, ya yi kore da gansakuka. Maimakon a karkata wurin ya zubar da ruwa cikin shukoki, an karkata shi zuwa bangon ɗakin mara lafiyar, har danshi ya fara hawa jikin fenti. Duwatsun gefe sun buɗe baki kamar haƙoran tsoho, don ba a ɗaure su da komai ba. Ya durƙusa, ya sa yatsa biyu kawai, dutse ya taso. A ƙarƙashi babu tsakuwa, babu ƙasar da aka danne. Yashi ne ɗan kaɗan aka barbaɗa a kan ɓaraguzan gini da ledoji da saiwar ciyawa. An lulluɓe juji da kyakkyawar riga, an miƙa wa gurgu an ce ya taka.

Ya saba ganin irin wannan, don rabin aikinsa a 'yan shekarun nan gyaran ɓarnar wasu ne. Amma da ya matsa kusurwar hanyar, sai ya gane hannun mai aikin. Akwai yadda yake yanka dutsen kusurwa a karkace, ya haɗa shi da ɗan'uwansa kamar saƙar tabarma. Shi ya ƙirƙiri abinsa, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa koya wa.

"Wa ya yi muku aikin nan?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Wani dogon mutum ne, mai fara'a. Mun kira shi mun gaji, kullum sai ya ce gobe."

Dogo ke nan, mutum ɗayan da Baba ya koya wa, kuma ɗan ƙanwarsa ne. Tun da mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, a gidan Baba ya tashi, a kwano ɗaya da 'ya'yansa. Baba ne ya fara damƙa masa cokalin gini, shi ya yi masa aure, shi ya sa masa albarka ranar da ya ce zai tsaya da ƙafarsa. A lokacin Dogo ya zama magidanci, yana da nasa leburori, sunansa ya fara zagayawa.

Matar direban ta gaya mini cewa ta ga dattijon ya daɗe a durƙushe, dutsen yana hannunsa, har ta ɗauka ciwo ne ya kama shi. Abu mai sauƙi ne ya yi tsaki, ya zagi 'yan zamani, ya gyara wurin, a yi masa godiya. Babu wanda zai taɓa sani. Ya ajiye dutsen, ya dafa ƙasa ya miƙe, ya dube ta.

"Wanda ya yi aikin nan ɗana ne. Ni na koya masa. Ki ba ni zuwa gobe."

Da la'asar ya sami Dogo a gidan mahaifiyarsa, yana zaune a falo yana nuna mata hotunan ayyukansa a waya. Baba ya amsa gaisuwa, ya ƙi zama, ya faɗi inda ya fito da abin da ya gani. Fuskar Dogo ta sauya, amma bakinsa bai mutu ba.

"Kawu, wallahi aikin nan ba ni na tsaya a kai ba. Ayyuka ne suka haɗe mini, na bar wa yara. Kuma ka san yadda zamani ya koma. In ka ce wa mutum sai wata ya zagayo, wani zai zo ya ce masa jibi. Kowa haka yake yi yanzu."

"Kusurwar kai ka yanka?"

"Ni na yanka."

"Da kake durƙushe kana yankawa, ba ka ga abin da ke ƙarƙashin gwiwarka ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Sai mahaifiyarsa ta shiga tsakani.

"Yaya, don girman Allah ka rufa masa asiri. Ka je ka gyara, ka ce ba ka san mai aikin ba. Yaron nan yanzu ya fara ɗagowa, ga matarsa da tsohon ciki. In maganar nan ta fita wa zai sake ba shi aiki?"

"Na riga na gaya musu."

"Ka gaya musu me?"

"Na ce ɗana ne."

Ta dafe ƙirji. "Ɗanka? Da ɗanka ne na cikinka, da ba ka kai shi kasuwa ka kwance masa zane ba."

Maganar nan ta soki Baba, kuma har yau bai manta da ita ba. Ya dubi Dogo kawai ya ce, "Ban zo faɗa ba. Gobe da safe ka same ni a ƙofar gidan. Kada ka zo da lebura ko ɗaya. In ba ka zo ba, ni zan yi, amma ka san cewa ba ka zo ba."

Uwargidan Baba ta ce ranar ko abinci bai taɓa ba. Da ta tambaye shi ko yana ganin yaron zai zo, sai ya ce, "In bai zo ba, to ni ne ban iya aiki ba, don shi ma ni na shimfiɗa shi."

Dogo ya zo. Ya zo da fuska a murtuke, yana zaton lambun za a wuce kai tsaye. Amma Baba ya nemi izini, ya ja shi zuwa ɗakin mara lafiyar. Labule a sake, ɗakin yana warin magani da danshi. Direban yana kwance ya ba ƙofa baya, ƙaton mutum da ciwo ya zabge, filasta a goshi.

"Maigida, sannu da jiki," in ji Baba. "Ga wanda ya yi maka hanyar da ta kayar da kai. Na kawo shi ka gan shi, shi ma ya gan ka."

Direban ya juyo da ƙyar. Ya daɗe yana kallon Dogo. Maganarsa a karye take fita, sai an kasa kunne.

"Kai ne?"

"Ni ne, Maigida."

"Na yi rayuwata a kan hanya. Ramin da ban faɗa ba, babu. Gada ta taɓa karyewa a bayana. Ban taɓa kifar da mota ba." Ya numfasa. "Sai a bayan ɗakina. Da ƙafata."

Ya ɗaga hannun da ke aiki, ya nuna goshinsa, ya nuna ƙafar da ba ta jin magana.

"Da ka ce mini ba ka iya ba, da na haƙura. Amma an ce ka iya."

Dogo, wanda ya shigo da hujjoji cike da baki, sai ga shi a ƙasa, ya durƙusa a gaban gadon yana neman gafara, hawaye har gemu. Direban ya mayar da fuskarsa bango. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Daga nan aka shiga aiki. Suka kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suka jera a gefe. Suka haƙe jujin nan duka, Dogo yana tura baro yana zubarwa a waje, a gaban maƙwabta, a gaban masu wucewa da suka san shi da tsayawa a inuwa yana ba da umarni. Wani ya tsaya ya ce, "A'a, Oga, yau kai ne da baro?" Dogo ya ce, "Ni na zuba, ni zan kwashe." Baba yana jinsa, bai nuna ya ji ba.

Kuma Baba bai tsaya a kansa da hannu a baya kamar mai gadin fursuna ba. Ya ajiye sosonsa kusa da na Dogo, ya durƙusa. Da Dogo ya ce, "Kawu, ka huta, ni na ɓata," sai ya ce masa, "Kai ka ɓata, amma da sunana ka shiga gidan nan. Miƙo igiya."

Suka zuba tsakuwa, suka jiƙa, suka danne, suka ƙara, suka sake dannewa. Suka ja igiya suka juya gangaren, ya bar bangon ɗaki ya fuskanci shukoki. Suka ɗaure gefe da siminti. Aikin da aka yi a gurguje a da, yanzu ya ɗauki lokacinsa, har matar gidan ta fara tambaya ko lafiya, don kwanaki sun wuce ba ta ga an ɗora dutse ko ɗaya ba.

A cikin kwanakin nan ne Baba ya yi wani abu da ba ya cikin aikin mai daɓe. Tagar ɗakin direban tana kallon lambun. Kullum da safe sai ya tsaya a gindinta, ya yi sallama da ƙarfi, ya fara ba da rahoto kamar yaron mota.

"Maigida, yau za mu zuba tsakuwa. Kai da ka san hanya, wacce ta fi riƙe ƙasa, manya ko ƙanana?"

Shiru. Washegari ya sake. Shiru. Rana ta gaba sai aka ji murya daga ciki, a karye amma da zafi: "Ku haɗa su! Manya kaɗai ba sa zama!"

"Ka ji ko?" Baba ya ce wa Dogo yana ƙifta ido. "Mai hanya ya yi magana."

Daga ranar labule ya buɗe. Bayan labule, aka ga fuska a taga. Bayan fuska, direban ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofa, don a cewarsa daga taga ba ya ganin abin da suke ɓatawa. Ya zama shi ne mai duba aiki. In Dogo ya tura baro a karkace, sai ya daka masa tsawa: "Kai, wa ya ba ka lasin?" In Baba ya tsaya shan ruwa, sai ya ce, "Tsoho, an fara dogon fakin ke nan?" Matarsa takan laɓe a ɗakin girki tana dariya tana share ido da bakin zane.

Da aka zo shimfiɗa duwatsun, Baba ya je ya tsuguna a gaban kujerar.

"Maigida, akwai abin da nake nema, kuma kai kaɗai ke da shi. Ina son in ga yadda kake jan ƙafar nan. In ban gani ba, ban san yadda zan jera duwatsun ba."

Direban ya ɗaure fuska. "So kake ka yi mini wayo in tashi."

"Wayon ma akwai. Amma gaskiya ce. Tela ba ya ɗinki bai auna ba, ni ma haka."

Aka aika aka ɗauko sandar daga inda aka ɓoye ta. Dogo ya riƙe shi ta ɓarin da ya shanye, ya miƙe, ya yi 'yan taku a kan simintin baranda. Baba ya kwanta kusan rub da ciki yana kallon ƙafar. Ya ga ba ta ɗagawa, yatsun ne ke sharar ƙasa, kuma tana zagayowa ta gefe kafin ta sauka. Saboda haka ya sauya jerin gaba ɗaya. Ya juya duwatsun yadda gaɓoɓinsu ba za su tare yatsa ba, ya matse tsakaninsu har farce ba ya shiga, ya faɗaɗa hanyar ta ɓangaren ƙafar, ya mayar da gefensu mai kaushi sama don kada santsi ya ja sanda. A tsakiyar hanya ya gina ɗan dakali, don in numfashi ya ƙare a samu wurin zama. Duk dutsen da Dogo ya ɗora, sai Baba ya buga masa guduma, ya hau kai da ƙafa biyu, ya yi rawa a kai kamar yaro. In wani ya motsa ko da ƙanƙani, Dogo ya san abin da za a ce masa: sai an sake.

Ana gab da gamawa hadari ya haɗo da rana tsaka. Suka fake a baranda su huɗu, kowa idonsa a kan hanyar. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya bugi duwatsun, ya taru, ya kama gangare, ya sulale cikin shukoki kamar an kira shi da suna. Da aka ɗauke, ko cikin cokali bai kwanta ba.

Direban ya dubi matarsa. "Ba ni sandata."

"Ka bari ya bushe mana."

"Hanyar da ba a iya bi sai ta bushe ba hanya ba ce. Ba ni."

Dogo ya matso zai riƙe shi, Baba ya kama rigarsa ya ja shi baya. Mutumin ya taka shi kaɗai. Sanda, ƙafa, ja. Sanda, ƙafa, ja. Ya kai dakalin, kowa ya ɗauka zai zauna, ya harare shi ya wuce. Matarsa ta toshe baki da hannu biyu. Da ya isa gindin lemun tsamin, ya jingina da shi yana haki, ganye yana ɗiga masa ruwa a ka. Ya miƙa hannu ya tsinko lemo ɗaya, ya juyo, ya yafito Dogo.

"Zo nan, mai baro. Karɓi. Na yafe."

Baba ya ce a duk shekarun da ya yi yana aiki, ba a taɓa biyan wani a gabansa da abin da ya kai lemon nan daraja ba.

Kada a ɗauka abin ya wuce ba tare da ciwo ba. Maganar ta fita kamar yadda ƙanwar Baba ta ji tsoro. Wasu da suka yi wa Dogo alkawarin aiki sun janye. Ita kuma ta daɗe ba ta taka gidan yayanta ba, in sun haɗu a sabgar dangi sai gaisuwar fatar baki. Baba ya shanye, bai kai ƙara wurin kowa ba. Abin da bai sani ba shi ne, Dogo ya bi sauran gidajen da ya yi wa irin wannan aikin, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa, "Aikin da na yi muku akwai gyara, na zo in sake." Wasu sun zage shi, wasu sun yi mamaki, amma duk sun buɗe masa. Labarin wannan ne ya fi na farko tafiya. Yau in kana neman wanda zai shimfiɗa maka tsakar gida ka kwana da hankalinka, sunan Dogo za a fara ba ka, kuma sai ka bi layi. Ƙanwar Baba da kanta ta zo daga baya, ta zauna a tabarmar uwargida, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce, "Yaya, ashe gyara shi kake yi." Ya ce, "Sha ruwa, kin sha hanya."

Baba, kai ne wanda aka ba zaɓi tsakanin sunan gidanku da ƙafar baƙo, ka zaɓi ƙafar baƙo, sai Allah Ya tsare maka duka biyun. Kai ne ka nuna mana cewa rufin asiri daban, rufe juji daban. Kai ne mai aikin da ba a gani sai an rasa shi. Tsofaffi nawa ne suka taka inda ka shimfiɗa suka isa lafiya, mata masu ciki nawa, yara masu koyon tafiya nawa, ba su san sunanka ba, ba su ma san an yi musu wani abu ba? Na ƙasa mai riƙe na sama, sannu da aiki.

Da na je gidansa in gaya masa zan yi wannan rubutu, sai ya ce in nemi abin yi. Uwargida kuwa ta ce in rubuta, amma in ƙara da cewa wurin wanke-wankenta tun tana amarya ake yi mata alkawarin daɓe shi, har yau a kan taɓo take tsugunawa.

"An kusa," in ji Baba. "Dogo zai zo ya yi."

"Kai kuma fa?"

"Ni kujera zan sa in zauna. Na ga yadda direba ya ji daɗin abin."

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya daidaita maka hanya kamar yadda ka daidaita wa bayinSa. Mu kuma da muka rage, masu gini da masu ɗinki, masu koyarwa da masu ba da magani, kowannenmu yana da wani ɓangare na aikinsa da babu mai dubawa, kuma akwai wani bawan Allah da zai ɗora nauyinsa a kai yana mai yarda da mu. Mu gyara wannan ɓangaren. In kuma na hannunmu ne ya ɓata, ɗa ne ko ƙane ko almajirin sana'a, kada mu tsaya kare shi da baki. Mu kama hannunsa, mu koma wurin tare, mu durƙusa.